Gyara Kayanka: Wa Ke Duba Malamin Yara Masu Buƙata ta Musamman?

A farkon shekarun 2000, wata malamar jami'a a jihar Pennsylvania ta Amurka, Mary Catherine Scheeler, ta riƙa gwada wata dabara da ɗalibanta masu koyon aikin malanta. Ana maƙala wa mai gwajin koyarwa ɗan abin saurare a kunne, kusan irin wanda yau kowa ke amsa waya da shi, mai duba darasi kuma ya koma bayan aji da makirufo. Yara ba sa jin komai. Malami zai yi tambaya, yaro ya ba da amsar da ba daidai ba, malami ya yi haramar wucewa gaba. Nan take sai murya ta raɗa masa kalma ɗaya ko biyu, cewa ya tsaya ya gyara. In yaro ya dace, malami kuma ya yi gum, muryar ta tuna masa ya yaba.

Dabarar aro ce daga masu horar da likitocin halayyar ɗan Adam, waɗanda suka fara ta tun shekarun 1950. Abin da Scheeler ke ƙirgawa kuwa ba shi da yawa. Abu uku ne kamar duwatsun murhu: malami ya tambaya, ɗalibi ya amsa, malami ya mayar da martani a kan amsar. In ɗaya ya faɗi, tukunya ba ta zama. Yaro mai saurin ɗauka yana iya gyara kuskurensa da kansa in ya ji amsar abokinsa. Yaron da karatu ke yi wa nauyi kuwa, in aka bar shi da kuskure, to kuskuren ya haddace.

A 2004 Scheeler da abokan aikinta biyu, Kathy Ruhl da James McAfee, suka tattaro binciken da aka yi a kan yadda ake nusar da malamai bayan an kalli darasinsu, suka sami guda goma da suka cika sharaɗi. A cikin dukkan siffofin gyara da suka auna, wadda hujjarta ta fi ƙarfi ita ce gaggawa, wato a faɗa wa malami tun abin yana da ɗumi. Sai kuma alamun cewa gyaran da ya ambaci takamaiman abu, wanda ya haɗa yabo da nuna hanya, ya fi na dunƙule amfani.

Mu da muka yi firamare a nan ƙasarmu mun san wani irin duba daban. Ranar zuwan sufeto, tun da sassafe ake sharar fili, a yayyafa ruwa, a goge allo. Malamin da ya yi wata bai taɓa littafin shirin darasi ba ya kwana yana cike shi. A zaɓo yaran da suka fi baki a jera su gaba, a koyar da darasin da aka riga aka koyar jiya. Baƙo ya zauna minti ashirin, ya sa hannu a littafin baƙi, ya sha ruwa ya tafi. Kada a ɗauka mu kaɗai ke da wannan ciwo. A 2009 wata ƙungiya mai suna TNTP ta duba gundumomin ilimi 12 a jihohi huɗu na Amurka, ta tarar cewa a inda hukuncin duba ya kasance "ya gamsar" ko "bai gamsar ba", sama da kashi 99 cikin ɗari na malamai gamsarwa aka rubuta musu. Ashe can ma sa hannu ake yi.

Alƙawarin da doka ta ɗauka

Amurka ce ta fi kowa yawan bincike a wannan fanni, kuma akwai dalili. Tun 1975 dokar tarayya ta wajabta wa makarantun gwamnati karɓar kowane yaro mai nakasa kyauta, tare da rubuta masa tsarin karatu nasa na kansa, wanda iyaye da malamai ke zama su amince da shi duk shekara. A zangon karatu na 2022 zuwa 2023, yara miliyan 7.5 ne ke ƙarƙashin wannan doka, kashi 15 cikin ɗari na ɗaliban makarantun gwamnati. Makafi da kurame kaɗan ne a cikinsu. Rukuni mafi girma, kusan ɗaya cikin uku, yara ne da ido ba ya ganin lalurarsu, sai an miƙa musu littafi ko lissafi ake ganewa.

A watan Maris na 2017 kotun ƙolin ƙasar ta yanke hukunci a shari'ar wani yaro mai lalurar galahanga daga jihar Colorado, wanda takardun kotu ke kira Endrew F. Iyayensa sun yi ƙorafin cewa kusan buri iri ɗaya ake maimaita masa a takarda shekara bayan shekara, alamar ba ya motsawa. Alƙalan, baki ɗayansu, suka ƙi yarda da cewa ɗan ci gaba na ƙyas ya wadatar. Dole tsarin ya zama wanda zai kai yaro gaba daidai da halinsa. To amma alƙali ba ya shiga aji. Wanda zai tabbatar da wannan alƙawari shi ne malami, wanda zai san ko malamin na kan hanya kuwa shi ne mai zama a bayan aji.

Hujjar cewa wannan zama na iya ɗaga sakamakon yara ta fito ne daga azuzuwan gama-gari. Birnin Sinsinati na jihar Ohio ya fara wani tsari a zangon 2000 zuwa 2001, inda ake duba malami sau huɗu a shekara, sau uku daga wani gogaggen malami da aka ɗauko daga wata makaranta aka horar, sau ɗaya daga shugaban makarantarsa, kuma kowane duba na zuwa da rubutaccen bayani. Masana biyu, Eric Taylor da John Tyler, sun bi sawun malaman lissafi da suka daɗe a aiki, suka wallafa sakamako a 2012. Yaran da malamin ya koyar bayan shekarar duba sun fi waɗanda ya koyar kafinta. In aka jera yara ɗari bisa maki, na tsakiyar layi zai wuce mutum huɗu zuwa biyar. Abin sha'awa, ribar ta fi fitowa a shekarun da suka biyo baya, lokacin da babu mai kallo, wanda ke nuna sana'a aka koya, tsoro bai isa ya yi wannan ba. A darasin karatu kuwa ba su ga canji ba.

Shikago ta yi nata gwajin a 2008 da makarantun firamare 44 da aka zaɓa ta hanyar ƙuri'a. An horar da shugabanninsu sosai, suna duba malami, suna zama da shi kafin darasi da bayansa. Matthew Steinberg da Lauren Sartain sun gano cewa karatun yara ya ƙaru. Da aka shigo da rukuni na biyu a shekara mai zuwa, kuɗi ya ja baya, shugabanci ya canja, horon ya koma na 'yan kwanaki. Takardar dubawa ita ce dai, amma ribar ta ɓace.

Mudun da ba na wannan hatsi ba

Nan ne maganar malamin ilimi na musamman ta rabu da ta sauran. Takardar awon da Sinsinati da Shikago suka dogara da ita, wadda ta fi kowace yaɗuwa a Amurka, ta samo asali ne daga littafin da Charlotte Danielson ta fitar a 1996. Tana da ra'ayinta game da kyakkyawan darasi. Maki mafi girma na zuwa ne a ajin da ɗalibai ke jan ragamar tattaunawa, suke ƙirƙiro tambayoyi da kansu, suke gano ma'ana ba tare da an tauna musu ba, malami kuma ya ja baya ya zama mai lura. Ga yara da yawa wannan hanya ce mai kyau.

Amma shekaru da dama na bincike a kan yara masu wahalar karatu da lissafi sun nuna wata hanya ce ta fi yi musu aiki, wato koyarwa ɓaro-ɓaro, wadda Anita Archer da Charles Hughes suka tsara a littafinsu na 2011. Malami ya yanka darasi ƙanana-ƙanana. Ya fara yi yara na kallo, sannan su yi tare, sannan yaro ya yi shi kaɗai. Tambayoyi gajeru, a kai a kai, kowa na amsawa, kuskure kuma ba ya kwana. Wanda ya taɓa zama gaban malamin allo yana biya masa, yana maimaitawa, ana tsayar da shi a kan wasali ɗaya har sai ya faɗa daidai, ba zai ga wannan baƙon abu ba.

Mu ƙaddara a Hausa ake darasin. Ga malama da yara biyar da ke rikita b da d da ɗ. Ta ɗaga kati, ta furta, su furta, ta zagaya ɗaya bayan ɗaya, wanda ya kuskure ta maido shi nan take, a minti goma kowane yaro ya buɗe baki sau ashirin. A idon wanda ya san sana'ar, wannan darasi ne na gwani. Sai ga shugaban makaranta, wanda a da tarihi ko kimiyya yake koyarwa, riƙe da takardar da ke tambaya ko ɗalibai ne ke jagorantar muhawara, ko tambayoyin na buƙatar zurfin tunani. Me zai rubuta? Zai ba ta matsakaicin maki, kuma da kyakkyawar niyya zai shawarce ta ta rage magana ta bar yara su gano da kansu. In ta bi shawarar, makinta ya hau, yaran su ci gaba da rikita b da d.

Wannan ne Nathan Jones da Mary Brownell suka yi gargaɗi a kai tun 2014. Daga baya Jones da wata tawaga suka ɗauki darussa 206 na malaman ilimi na musamman 51, suka auna su da takardar Danielson, suka kuma auna su da wata da ta fi dacewa da koyarwar wannan fanni. Sakamakon da suka wallafa a 2022 ya nuna takardar gama-garin ba ta lalace ba, tana aiki kamar yadda take yi a ko'ina, sai dai ba ta iya kama ingancin dabarun da waɗannan malamai suka fi dogara da su. Mudun lafiyarsa ƙalau, hatsin ne ba nasa ba.

A ganina wannan ya fi rashin duba haɗari. Malamin da ba a dubawa yana nan yadda yake. Wanda ake dubawa da ma'aunin da bai dace ba, ana kuma ɗaura ƙarin girmansa a kai, ture shi ake yi daga abin da ke amfanar yaransa, kuma shi ma ya san hakan. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Shi ya sa Evelyn Johnson da tawagarta a Jami'ar Boise ta jihar Idaho suka gina ma'auni na daban mai suna RESET. Malami na ɗaukar darasinsa a bidiyo, a duba shi gaɓa-gaɓa; takardar koyarwa ɓaro-ɓaro kaɗai tana da gaɓa 25, kowace a rubuta ko an yi ta, ko an yi rabi, ko ba a yi ba. Ba a cewa "darasi ya yi kyau". Cewa ake an bayyana manufar darasi amma ba a nuna misali kafin a ce yara su yi ba.

Da me za a auna yaron?

Ko an daidaita ma'aunin malami, saura na ɗalibi. Lokacin da gwamnatin Obama ta ware dala biliyan 4.35 a 2009 don jihohi su yi gasar gyaran ilimi, jihohi da yawa sun fara ɗaura darajar malami a kan yadda makin ɗalibansa ya ƙaru a jarrabawar shekara. Ga malamin ilimi na musamman lissafin ba ya fita. Yaransa takwas ne ko goma, rashin lafiyar ɗaya ya isa ya karkatar da komai. Sau da yawa yaro na rabin yini wajensa, rabi wajen wani malami, to makin na wane ne? Yaron da ke aji biyar yana karatun ɗan aji ɗaya kuma zai iya yin tafiya mai nisa a shekara, jarrabawar aji biyar ba ta gani ba, don duk tafiyar a ƙarƙashin tambaya mafi sauƙi aka yi ta.

Masu wannan fanni suna da nasu awo tun tuni. Stanley Deno na Jami'ar Minnesota ya yaɗa wata hanya a tsakiyar shekarun 1980: a ba yaro rubutu ya karanta da ƙarfi na minti ɗaya, a ƙirga kalmomin da ya faɗa daidai, a maimaita kowane mako, a zana a takarda. In layin ya kwanta mako huɗu, ba sai an jira ƙarshen shekara ba, a canja dabara. Mai duba darasin da ya fara da tambayar malami wannan zane ya riga ya san inda zai sa ido.

Akwai kuma awon da ya fi wannan kusa. A 2000, Kevin Sutherland da Joseph Wehby da Susan Copeland sun yi aiki da wani aji na yara masu matsalar ɗabi'a da tashin rai. Mai dubawa na ƙirga sau nawa aka yi yabon da ya ambaci abin da yaro ya yi, irin "ka kyauta da ka ɗaga hannu kafin ka yi magana" maimakon "yawwa" kawai, sannan ya nuna wa mai koyarwa adadin. Yabo ya ƙaru, zaman yara a kan aikinsu ya ƙaru. Da aka janye gyaran, duka biyun suka sauka. Da aka dawo da shi, suka sake hawa.

Dole a faɗi gaskiya a nan. Irin waɗannan bincike ƙanana ne, aji ɗaya, malamai uku ko biyar. Sun tabbatar da cewa gyara na canja hannun malami, kuma canjin na bayyana a halin yara cikin aji. Manyan gwaje-gwajen da suka bi zaren har zuwa makin jarrabawa, akasarinsu a azuzuwan gama-gari aka yi su. A 2018 Matthew Kraft da David Blazar da Dylan Hogan sun haɗa bincike 60 a kan horar da malami a cikin ajinsa. Koyarwa ta inganta ƙwarai. Sakamakon yara ma ya tashi, amma da ƙasa da rabin wancan, kamar na tsakiyar layin yara ɗari ya wuce mutum bakwai. Sai an motsa malami da yawa kafin yaro ya motsa kaɗan. Sun kuma lura cewa shirye-shiryen da suka faɗaɗa sun fi ƙanana raunin tasiri, don gwanayen masu horarwa ba su da yawa.

Kuɗi kuma ba ya sayen wannan. Gidauniyar Bill da Melinda Gates ta haɗa kai da gundumomi uku da wasu rukunonin makarantu a Kalifoniya, aka kashe kimanin dala miliyan 575 wajen sabon tsarin auna malamai. Rahoton cibiyar RAND na 2018 bai ga ci gaban a-zo-a-gani a sakamakon ɗalibai ba. An ƙware wajen ba malamai maki, ba a ƙware wajen taimaka musu su gyara ba. Bahaushe ya ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Amma in mai cewa a gyara shi ne kuma mai ikon ƙwace kayan, wa zai nuna masa inda ɗaurin ya kwance?

A namu ɓangaren

Afirka ma ta gwada. A lardin Arewa maso Yamma na Afirka ta Kudu, Jacobus Cilliers da abokan aikinsa sun kwatanta hanya biyu ta inganta karatun yara da harshen Setswana. Wasu malamai an tara su a ɗakin taro an horar, wasu kuma mai horarwa ke zuwa ajinsu kusan duk wata. Bayan shekara biyu, ribar ziyarar aji ta ninka ta ɗakin taro. A Kenya, shirin Tusome da ya fara a 2015 ya ba jami'an tallafa wa malamai ƙananan kwamfutocin hannu, suna kallon darasi suna kuma gwada karatun wasu yara kafin su tafi. A nan gida, shirin ESSPIN da Birtaniya ta tallafa wa a jihohi shida, ciki har da Kano da Kaduna da Jigawa, ya yi ƙoƙarin maida mai duba makaranta ya zama mai tallafa mata.

Ilimi na musamman ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Makarantar makafi ta Gindiri a Filato ta buɗe tun 1953. Akwai makarantar ilimi na musamman ta Tudun Maliki a Kano. Kwalejin ilimi ta tarayya da ke Oyo, wadda aka keɓe don horar da malaman wannan fanni, tana nan tun 1977, jami'o'in Jos da Bayero kuma suna da sassan da ke yaye masu digiri. A Janairun 2019 aka sa hannu a dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci. Malamai ana samar da su. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce, bayan an tura su aji, wa ke zuwa ya gani, kuma me ya sani?

A ajin kurame abin ya fi fitowa fili. Maganar hannun da makarantu ke amfani da ita ta samo tushe daga ta Amurka, wadda Andrew Foster, wani kurma Ba'amurke, ya shigo da ita ta Ibadan a 1960. Ta bambanta da maganar hannun da kuramen ƙasar Hausa suka gada a tsakaninsu, wadda Constanze Schmaling ta rubuta littafi a kanta a 2000 bayan zama a Kano. Yaro na iya zuwa makaranta da ɗaya ya tarar da ɗaya. Jami'in da bai iya ko guda ba zai ga hannuwa na motsi, yara na murmushi, ba zai san ko malami na koyar da rabawa ne ko labarin kasuwa yake ba su ba. Haka a ajin makafi: wanda yatsarsa ba ta san rubutun birel ba, ba zai gane cewa yaro ya yi wata uku yana juya harafi ɗaya ba. Abin da ya rage masa shi ne ya duba rajista da tsaftar aji, ya rubuta cewa aiki na kyau a ci gaba.

Gyaran wannan ba ya buƙatar abin saurare a kunne, balle dala miliyan. Yana buƙatar a ɗauko gogaggen malamin kurame ya duba malamin kurame, kamar yadda Sinsinati ta ɗauko malami ya duba malami, a raba ziyararsa da maganar ƙarin girma, a kuma ba shi kuɗin mai da zai iya dawowa. Agogo da fallen takarda sun ishe shi. Ya zauna minti goma, ya ja layi duk lokacin da yaro ya amsa, ya ja wani duk lokacin da aka bar kuskure ya wuce. Kafin a tashi tara, ya samu malamar a gefe, ya fara da abin da ta yi daidai, sannan ya miƙa mata takardar da ke cewa, misali: Malama, kin yi tambaya 14, yara ukun gaba suka amsa 12. Yarinyar da ke ƙarshen benci ba ta ganin hannunki, don kina tsayawa gaban taga hasken rana na bayanki. Ki gwada komawa gefen allo. Zan dawo ranar Talata, in sha Allah.